Zauren Iyali: Shahara Ba Isnadi Ba Ce

 

A watan da ya shige wata gwaggona, wadda ta haura shekara 60, ta kuma kwashe kusan shekara 10 tana shan maganin hawan jini da na ciwon sukari, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida bayan sallar La'asar. Muka sa ta a tasi sai asibiti. Da aka auna jininta likita ya ɗago kai ya tambaye mu yaushe rabonta da shan magani. Muka ce ai ba ta fashi. Ita kuwa ta juya fuska wajen bango. Sai da dare, da ƙanwata ta koma gida ɗauko mata zane da buta, ta ɗaga katifa ta iske ƙwayoyin asibiti na wata biyu cur ba a ɓare ko ɗaya ba. A gefensu akwai kwalabe uku na wani baƙin tsimi, biyu an shanye, ɗaya saura rabi. A jikin kwalbar an manna hoton wani ɗan wasan fim da yaro da babba suka sani, ya sha farin kaftani da hula, da carbi a hannu, yana murmushi. Ƙarƙashin hoton an jera cututtuka 14 waɗanda aka ce tsimin yana kawar da su.

Da ta samu sauƙi na zauna a bakin gadonta na ce, “Gwaggo, me ya sa kika bar maganinki?”

Ta ce, “Ɗan nan, na samu wanda ya fi shi ne. Na asibiti danne ciwo yake yi, wannan kuwa daga saiwa yake tumɓuke shi. Da bakinsa ya faɗa, a waya na gani. Har rantsuwa ya yi cewa da shi mahaifiyarsa ta warke. Mutum irin wannan da Allah Ya rufa wa asiri, me zai ci da ƙarya?”

Wannan tambaya tata ita ce ta hana ni barci, domin tambaya ce ta mai kyakkyawan zato, kuma na san ba ita kaɗai ke yin ta ba daga Aboabo har Sawaba. Amsarta gajeriya ce: kuɗi zai ci. Yabon da fitaccen mutum yake yi wa magani a rediyo ko talabijin ko Facebook haja ce mai farashi, ana zama a yi cinikinta, a rattaba hannu, a ƙayyade sau nawa zai ambaci kayan a wata. Wanda yake shakka ya tuna abin da ya faru a Najeriya a shekarar 2021, lokacin da Jaruma, mai sayar da kayan mata wadda ta yi suna a Instagram, ta saɓa da 'yar fim Regina Daniels. Jaruma ta fito fili ta ce naira miliyan 10 ta biya domin a tallata mata kaya. Ita kuma 'yar fim ɗin ta ce ba ta taɓa amfani da kayan ba, harkar kasuwanci ce kawai ta haɗa su. Matan da suka ciro kuɗin adashinsu suka saya saboda sun ga fuskarta, sai a ranar faɗan suka ji gaskiyar lamarin. Da ba a yi faɗan ba, da har yau ba su ji ba.

Na kai wa Malam mahaifina kwalbar a zaure bayan karatun Magariba. Ya juya ta a hannu, ya sa tabarau ya karanta jerin cututtukan, sannan ya tambayi ɗalibansa wani abu da ban zata ba. Ya ce su gaya masa, a babin shaida na littafin Risala, waɗanne mutane ne alƙali ba ya karɓar shaidarsu. Yara suka fara lissafi, har wani ya ambaci wanda shaidar za ta jawo masa amfani. Malam ya ce to a tsaya nan. Ya ɗaga kwalbar ya ce wannan bawan Allah da ke jiki shaida yake bayarwa cewa tsimin yana warkarwa, kuma da kowace kwalba ta fita yana da rabo, ko an riga an biya shi. In da a kan tunkiya ce ake shari'a, alƙalin Malikiyya ba zai saurare shi ba, ko da kuwa a sahun farko yake salla. To ina ga shaida a kan ƙodar mutum da hantarsa?

Tun daga wannan dare nake ta juya maganar, sai na ga ashe ma'aunin yana hannunmu tun fil azal, mun bar shi ne a cikin gafaka. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta ko da ɗan ƙaramin littafi a ilimin hadisi ya san ba a karɓar labari sai mai ba da shi ya cika sharuɗɗa biyu, adalci da kiyayewa. Adalci shi ne ya zama mai tsoron Allah wanda ba a san shi da ƙarya ba. Kiyayewa kuwa ita ce ya san abin da yake faɗa, ya riƙe shi daidai. Malaman jarhu da ta'adili sun ajiye ruwayar mutane salihai masu tsayuwar dare, ba don sun tuhumi addininsu ba, sai don ba su da ƙwarewa a kan abin da suke ruwaitowa. Ko mun ɗauka ɗan fim ɗin nan adali ne, a ina ya karanci aikin ƙoda? Sau nawa ya auna sukarin waɗanda suka sha, kafin sha da bayan sha? Mutum nawa ne suka sha ba su warke ba, kuma wa ya je ya ƙidaya su? Wanda ya warke shi ake kira gidan rediyo. Wanda aka kai maƙabarta ba ya bugo waya.

Haka nan magabata sun san cewa yawon magana a bakunan jama'a ba ya inganta ta. Imamus Sakhawi, wanda ya rasu a shekara ta 902 bayan Hijira, littafi guda ya wallafa, Almaƙasidul Hasana, domin tace maganganun da suka shahara a harsuna ana jingina su ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ciki har da maganar nan da masu tallar magani suke yawan buɗe baki da ita a tasha, wadda ke nuna cewa tumbi ne matattarar cututtuka. Ya bayyana cewa ba ta tabbata daga Manzon Allah ba, ana danganta ta ne ga Harisu ɗan Kalada, likitan Larabawa, ko waninsa. Maganar tana da hikima a cikinta, amma dubi yadda malamai suka ƙi yarda a ɗora mata rawanin da ba nata ba. Mu kuwa yau da zarar an tura mana saƙon murya a WhatsApp, an buɗe da basmala an rufe da salati, shi ke nan ya zama nassi.

A nan ne tallar da ake yi mana mu mutanen Zango ta bambanta da wadda ake yi wa maƙwabtanmu. Su ana jawo su da kiɗa da barkwancin 'yan wasan Kumawood. Mu ana shigo mana ta ƙofar addini. A sa habbatus sauda da zuma da man zaitun a gaba, a rubuta sunan da baƙaƙen Larabci, a samo mai gemu ko 'yar fim mai lulluɓi ta riƙe kwalbar, sai mai tambaya ya ji kamar in ya yi shakka ya taɓa Sunna. Hadisin falalar habbatus sauda ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, babu Musulmin da ke jayayya da shi. Amma masu sharhi irin su Ibnu Hajar sun yi dogon bayani a kan yadda ake fahimtarsa, cewa amfani da ita yana bin irin ciwon da gwargwado da abin da aka haɗa ta da shi. Kuma hadisin bai ce komai ba game da kwalbar wane da aka dafa a bayan gida, wadda ba mu san me aka zuba a ciki ba bayan ƙwayoyin habba bakwai da ke yawo a sama. A cikin Sahihu Muslim ya zo cewa Manzon Allah da kansa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita. A Mukhtasar na Khalil kuma, wanda manyan malamanmu suke sauke wa ɗalibai, likitan da ya yi aiki da jahilci ko sakaci ya jawo ɓarna, biyan ramuwa yana kansa. Addinin da ya ɗora wa jahilin likita lamuni ba zai zama mafakarsa ba.

Wanda yake ganin kamar tsoro nake ba mutane, ya waiwayi Gambiya. A watan Janairu na 2007 shugaban ƙasar na lokacin, Yahya Jammeh, ya shelanta cewa yana warkar da cutar ƙanjamau da haɗin ganyayyaki. Ana nuna shi a talabijin cikin farar babbar riga, da Alƙur'ani da carbi, yana shafa wa marasa lafiya magani. Sharaɗin shiga shirin shi ne majinyaci ya daina shan ƙwayoyin asibiti masu danne ƙwayar cutar. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta nuna shakka, korarta aka yi daga ƙasar. Bayan faɗuwar mulkinsa, a 2018, uku daga cikin waɗanda suka tsira da rai suka shigar da ƙararsa a kotu a Banjul, kuma hukumar bin diddigin gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidu a kan waɗanda suka mutu a cikin shirin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sharaɗin nan na barin maganin asibiti, domin shi ne ainihin abin da ya kayar da gwaggona a tsakar gida.

Akwai wata kalma kuma da ake yaudararmu da ita, wai “ai ganye ne, in bai yi magani ba, ba zai cutar ba.” Wanda ya taso a karkara ba zai faɗi haka ba, don ya san zaƙami ganye ne, tunya ma tsiro ce. A farkon shekarun 1990, a birnin Burussel na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da saiwoyin Sin, aka yi kuskure aka sa wani tsiro mai suna Aristolochia a madadin wani. Kimanin mata 100 ƙodarsu ta lalace, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya sankara ta kama su a mafitsara da hanyoyinta. Wannan a Turai ke nan, inda ake taƙama da awo. Shayin “gyaran ciki” da 'yan mata ke saye saboda wata tauraruwa ta nuna shafaffen cikinta, galibinsa filasko ne, gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke zuba ba kitse ba. Na ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa ƙwayar dexamethasone ce ko 'yar uwarta, mai kumbura fuska, ta tayar da sukari da hawan jini, ta rarake ƙashi. Na ƙarfin maza kuwa, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama shi da sinadarin Viagra a ɓoye, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jinin mutum warwas. A Kaduna, a watan Yuni na 2023, hukumar NAFDAC ta rufe wurin da ake haɗa tsimin nan da ya yi suna da Baban Aisha, bayan 'yan jarida sun kai shi ɗakin gwaji an ga illar da yake yi wa ƙoda da hanta a jikin dabbobin da aka gwada shi a kansu. Shekaru ana shelarsa da lasifika a kasuwanni kafin nan.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ɗan liman ya zama ɗan koren asibiti, yana zagin maganin iyaye da kakanni. Ni ma da sabara da ɗoyar maganin shawara aka raine ni. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau daga tazargaden ƙasar Sin aka ciro shi, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. A nan Gana akwai cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong ta Akuapem tun 1975, kuma jami'ar KNUST da ke nan Kumasi tana koyar da ilimin maganin gargajiya har matakin digiri tun 2001. A wasu asibitocin gwamnati akwai sashen da mutum zai ga irin waɗannan ƙwararru. Ko a lokacin korona, da aka so a san ko saiwar nibima tana da amfani, izinin gwaji aka nema daga hukuma, ta bayar a 2021, masana na KNUST suka ɗauki aikin. Tsiro ɗaya ne a hannun mai awo da hannun mai lasifika. Na farko zai gaya maka adadi da iyaka da wanda bai kamata ya sha ba. Na biyu bai taɓa cewa “wannan ba ciwon da zan iya ba ne.”

Doka ma ta yi nata, ko da yake mutanenmu da yawa ba su san da ita ba. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, wadda ake kira Act 851, ta hana tallar kowane magani, har na gargajiya, sai Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA, ta duba tallar ta amince. Sannan ta jera wasu cututtuka da sam ba a yarda a yi wa jama'a tallar maganin warkar da su ba, daga ciki akwai ciwon sukari da hawan jini da sankara da rashin haihuwa da raunin mazakuta. Ke nan duk wanda ka ji yana shelar cewa kwalbarsa tana warkar da sukari, kafin ka tambayi ko gaskiya yake faɗa, ka riga ka san yana taka doka. Na duba kwalbar gwaggona: cututtuka biyar na farko a jerin duk suna cikin waɗanda aka hana. Akwai wata lamba a gindinta wadda ta fara da haruffan hukumar, amma lamba a jikin takarda kowa yana iya bugawa, kuma ko ta gaskiya ce, rajistar magani domin basir ba izini ba ce na a ce yana maganin ƙoda.

Hukumar ta san ƙarfin fuskar fitattun mutane, shi ya sa ta hana amfani da su a tallar barasa. Mu mutanen Kumasi mun ga dalili da idonmu. A ranar Litinin ta bikin Ista na 2017 kamfanin da ke yin Adonko Bitters ya shirya casu a filin wasa na Baba Yara da manyan mawaƙa, kuɗin shiga shi ne sayen kwalba, aka wayi gari hotunan samari a sheme suna yawo ko'ina, hukumar ta ci kamfanin tara. Ire-iren waɗannan “bitas” giya ce da aka jiƙa saiwoyi a ciki, kuma abin takaici akwai 'ya'yanmu da ke kurɓa suna cewa maganin ciwon baya ne. Mawaƙa sun yi ta ƙorafi cewa an toshe musu hanyar abinci, har wani manajan mawaƙa ya kai ƙara Kotun Ƙoli, amma a watan Yuni na 2024 alƙalai 5 cikin 7 suka tabbatar da hanin. Ina ganin hujjar da ta sa aka hana tauraro riƙe kwalbar giya ta isa ta hana shi riƙe kwalbar da za ta sa tsohuwa ta jefar da maganin hawan jininta. A Amurka kamfanin 'yar fim Gwyneth Paltrow, mai suna Goop, sai da ya biya dala 145,000 a 2018 saboda iƙirarin lafiya marar hujja a kan wasu kayan da yake sayar wa mata. Abin dariya ne a wurin mai arziki irinta, amma aƙalla an rubuta a takarda cewa ba a yarda ba.

Sai dai zan yi rashin adalci in na ɗora laifin duka a kan 'yan fim da mawaƙa. A Zango babu tauraron da ya kai malami. Abin da liman ya faɗa bayan sallame salla ya fi tallar rediyo ta wata guda shiga zuciya, kuma 'yan kasuwa sun san haka sarai. Shekarun baya wani mai magani ya zo zaurenmu da katan biyu da ambulan, ya ce sadaka ce ga masallaci, abin da yake roƙo kawai Malam ya ambaci sunan maganin ranar Juma'a, ya sa masa albarka. Malam ya yi masa addu'ar Allah Ya ba shi halal mai albarka, ya sa yara suka mayar masa da kayan cikin mota. Da na yi ƙorafi, don a lokacin rufin makarantar allo yana yoyo, sai ya ce mini malaman fiƙihu sun sanya zuga kaya da yabon da ba a tabbatar ba domin a ruɗi mai saye a cikin najashi, cinikin da aka hana, kuma shi ba zai hau mumbari ya yi dillanci ba. Ba kowane zaure ne aka mayar da katan ba. Ina roƙon iyayenmu malamai da shugabannin ƙungiyoyin mata, cikin ladabi, duk wanda ya zo neman a ba shi minti biyar bayan wa'azi ko a taron walima domin ya yi bayanin “maganin Musulunci”, a tambaye shi takardar hukuma, a kuma tambaye shi ko zai yarda a kira ɗaya daga cikin 'ya'yanmu nas-nas ko masu ilimin haɗa magunguna ya zauna a gefensa yana yi masa tambayoyi. Alhamdu lillahi yanzu muna da su a kusan kowace unguwa.

Ga 'ya'ya kuma irina, laifinmu shi ne mun sayi waya mun miƙa wa iyaye, mun sa musu WhatsApp, muka tafi harkokinmu. Wata biyu gwaggona tana shan tsimin nan a gidan da muke shiga kullum gaisuwa, babu wanda ya ce, “Gwaggo, kawo in ga ƙwayoyinki, saura nawa?” Ƙirga ƙwaya bai fi minti ɗaya ba. Kuma in tsoho ya nace sai ya sha na gargajiya, gara a ɗauki kwalbar a tafi da ita ranar ganin likita a nuna masa, da a yi ta faɗa har ya koma sha a ɓoye.

An sallamo ta bayan kwana shida. Hannunta na hagu bai gama dawowa daidai ba, likita ya ce a riƙa kai ta gashi, kuma za a sake duba ƙodarta bayan wata uku. Ta koma shan maganinta, ƙanwata ce ke ba ta safe da yamma. Shekaranjiya na je gaishe ta na iske ta da waya a hannu tana kallon wani fim ɗin mutumin nan. Ta ga na tsuke fuska, sai ta ce, “Kai dai ka cika riƙo. Wataƙila shi ma ba su gaya masa abin da suka zuba a ciki ba.” Na ce, “To Gwaggo, da bai rantse ba.” Ta yi shiru, sannan ta ce in miƙo mata ruwa, lokacin ƙwayar yamma ya yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.